Idan Ƙaton Dutse Ya Faɗo Daga Sama, Wa Zai Saura?

Tambaya: Malam, na ji an ce wani dutse ne daga sararin samaniya ya halaka manyan dabbobin nan da suka rayu kafin ɗan Adam. Idan irinsa ya sake faɗowa a yau, me zai faru da mu? Ƙarewa za mu yi kakaf, ko akwai waɗanda za su tsira?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da wannan tambaya. Sanin ranar da duniya za ta tashi na Allah ne Shi kaɗai, kuma ba hurumin mai nazarin duwatsu ba ne. Abin da zan iya yi maka bayani shi ne sababi: yadda ƙasa da iska da ruwa da gona za su kasance idan irin wannan ya auku. A fahimtata, da wuya ɗan Adam ya ƙare ƙurmus, amma mafi yawan mutane za su iya halaka. Kuma waɗanda dutsen zai kashe a ranar da ya faɗo kaɗan ne a kan waɗanda yunwa za ta kwashe a shekarun da za su biyo baya.

Sai mun fara rarrabe girma, domin duwatsun nan ba ɗaya ba ne. Ƙanana suna faɗowa kullum, har a ƙasarmu. Ranar 3 ga Oktoba 1962, a Zagami da ke cikin jihar Katsina ta yanzu, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse a ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne. Wannan ko akuya bai kashe ba. Wanda ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013 faɗinsa kamar mita 20 ne. Mutane suka ga haske ya fi na rana, suka ruga tagogi suna leƙe, bayan kamar minti biyu ƙarfin iskar fashewar ya iso ya tarwatsa gilasai a fuskokinsu. Kusan mutum 1,500 aka yi wa magani. Na Tunguska a Saberiya, a 1908, bai wuce mita 50 zuwa 60 ba, amma ya kwantar da daji mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,000. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi kuwa suna da shaida a kusa da su: tafkin Bosumtwi rami ne mai faɗin kilomita 10 da ɗoriya wanda dutse ya haƙa shekara kusan miliyan ɗaya da ta wuce. Duk waɗannan bala'in gari ne ko na yanki. Sai dutse ya kai faɗin kilomita ɗaya sannan duniya baki ɗaya take jin jiki. Wanda kake tambaya a kansa kuwa ya kai kilomita 10.

Shekara miliyan 66 ke nan da faɗowarsa a gaɓar Yukatan ta ƙasar Mekziko, inda garin Chicxulub yake a yau. Yadda aka gano shi abin sha'awa ne. A wani kwazazzabo kusa da garin Gubbio na Italiya akwai wani siririn layin yumɓu a tsakanin duwatsu, kaurinsa bai fi na ɗan yatsa ba. A ƙarƙashinsa ɓawon ƙananan halittun teku ne birjik, a samansa kuwa kusan duk sun ɓace. Walter Alvarez da mahaifinsa Luis Alvarez da abokan aikinsu suka auna yumɓun, suka tarar yana cike da iridiyom, ƙarfen da ba shi da yawa a ɓawon duniya amma yana da yawa a duwatsun sama. Suka wallafa sakamakon a 1980. Ramin kansa, mai faɗin kimanin kilomita 180, masu neman man fetur ne suka fara ganin alamarsa, aka tabbatar da shi a farkon shekarun 1990. Kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittun duniya sun tafi a wannan karon.

To mu ce irinsa ne ya zo yau. Gudunsa kamar kilomita 20 ne a sakan ɗaya, wato tazarar Kano zuwa Kaduna cikin sakan 11 ko 12. Tsawonsa ya fi tsaunin Everest, har ma lokacin da gindinsa ya taɓa ƙasa, kansa yana can inda jiragen sama ke shawagi. Ramin da zai bari zai haɗiye tun daga Kano har Katsina. Duk mai rai a cikin ɗaruruwan kilomita daga wurin ba zai ma san abin da ya faru ba. Girgizar ƙasa wadda ba a taɓa auna irinta ba za ta zagaya duniya, idan kuma a teku ya faɗa, igiyar ruwa za ta share biranen gaɓa. Narkakken dutsen da aka watsa sama zai fita har bayan iskar duniya, sannan ya dawo kamar yayyafin garwashi a nahiyoyi masu nisa, sama ta yi zafi kamar bakin tanda, dazuzzuka da yawa su kama da wuta. Wanda ke cikin rami, ko ginin ƙasa mai kauri, ko cikin ruwa, yana iya wuce wannan sa'o'in. Saboda haka ina ganin a nahiyoyin da ke nesa da wurin, biliyoyin mutane za su wayi gari da ransu.

Daga nan ne ainihin musibar take farawa, kuma a nan nake so ka tsaya da ni.

Ka tuna ranar da hazo ya yi tsanani a tsakiyar hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe gari. Kana iya kallon rana da ido tsirara, fara fat kamar faranti, jirgi ya kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, tsofaffi suna jin ɗumi a bakin murhu har hantsi. Wannan ƙurar a ƙasa-ƙasa take, kwana kaɗan ta kwanta, ruwan farko kuma ya wanke sauran. Ƙurar da dutsen zai tayar, da toka da baƙin hayaƙin gobara, suna hawa ne can saman inda girgije ke tsayawa, inda babu ruwan saman da zai wanke su. Ga kuma farar wuta. Ƙasar Yukatan cike take da duwatsu masu farar wuta, kuma da masana suka haƙa cikin ramin a 2016 suka ciro duwatsunsa, sai suka tarar babu irin waɗannan a ciki, alamar sun ƙone sun tashi sama. Farar wuta idan ta haɗu da danshi a can sama takan zama wani siririn mayafi mai mayar da hasken rana baya. Lissafin masana ya nuna duhu ya hana tsirrai haɗa abincinsu har kusan shekara biyu, sanyin duniya ya ƙaru da digiri 10 zuwa sama da 20, kuma an ɗauki shekaru fiye da goma kafin yanayi ya fara komawa daidai.

Domin ka gane nauyin waɗannan alƙaluma, dubi abin da ƙasa da digiri ɗaya ya taɓa yi. Dutsen Tambora na Indunisiya ya yi aman wuta a Afrilun 1815. A shekarar da ta biyo, ƙanƙara ta zuba a arewa maso gabashin Amurka a watan Yuni, amfanin gona ya lalace a Turai har aka yi tarzomar abinci, yunwa ta afka wa lardin Yunan na ƙasar Sin. Bayan aman wutar Laki a Iceland a 1783, kogin Nilu ya kasa cikowa yadda ya saba, yunwa ta yi ɓarna a Masar. Wannan na biyun ya fi shafarmu, domin ruwan Nilu da daminarmu 'yan gida ɗaya ne. Damina tana zuwa mana ne saboda rana tana gasa ƙasar Sahara da bazara, iska mai zafi ta tashi sama, iska mai danshi daga tekun Atilantika ta kwararo ta maye gurbinta. Idan rana ba ta gasa ƙasa ba, babu abin da zai jawo wannan danshin. Wato ko da sanyi bai kai na ƙanƙara a ƙasar Hausa ba, damina ba za ta sauka ba. Gero da dawa kuwa 'ya'yan zafi ne. Fari suna iya jure masa fiye da kowane hatsi, amma sanyi da duhu ba su da maganinsu.

Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. A duk waɗannan akwai inda za a gudu: a yi kudu, a tafi cin rani, ko a jira jirgin ruwa ya kawo hatsi daga wata nahiya. Wannan karon babu kudu, babu wata nahiya. Mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun 2022, fiye da rabinsu a birane suke, kuma duk hatsin da ke ajiye a rumbunan duniya bai wuce cin wata uku zuwa huɗu ba. A watannin farko nama zai yi arha, kamar yadda duk makiyayi ya sani a shekarar fari: ciyawa ta ƙare, kowa na neman rabuwa da dabbarsa, saniya ta koma kuɗin buhu ɗaya ko ƙasa da haka. Bayan an cinye dabbobin sai a shiga abin da ba a taɓa gani ba. Ƙasashe masu rarar abinci za su rufe iyakokinsu tun a makon farko. Mun ga samfurin haka da ƙaramin dalili: a 2008 Indiya da Biyetnam sun taƙaita fitar da shinkafa, farashinta ya yi tashin gwauron zabo a duniya, a 2022 kuma yaƙin Yukren ya taɓa kuɗin burodi har a unguwanninmu. Sannan masana'antun takin zamani za su tsaya, alhali kusan rabin mutanen duniya da amfanin wannan takin suke rayuwa. Farantan sola za su zama kwano kawai. Famfo zai ƙafe, rigakafi ya tsaya, kwalara da ƙyanda da tarin fuka su samu jikin da yunwa ta riga ta raunana. Ba na son in ƙawata maka wannan: yara ƙanana da tsofaffi da masu ciki su ne za su fara tafiya, kuma a taron mutum goma, zai yi wuya a ce rabi sun ga dawowar rana.

Me ya sa duk da haka na ce ba za mu ƙare ba? Dubi waɗanda suka tsira a wancan karon. Kusan duk dabbar tudu da ta wuce kilo 25 ta tafi. Waɗanda suka rage su ne ƙanana masu shiga rami, da mazauna koguna da tafkuna irin su kada da kunkuru, da tsuntsaye masu cin ƙwaya, da duk abin da ke rayuwa a kan ruɓaɓɓen ganye da matattun itatuwa. Sirrinsu ɗaya ne: abincinsu bai dogara da hasken ranar yau ba, sun ci ajiyar hasken jiya. Ɗan Adam da girman jikinsa yana cikin jerin waɗanda ya kamata su tafi. Amma shi ne halittar da ta iya gina rumbu, ta iya hura wuta, ta iya ɗinka bargo, ta iya cin kusan komai, kuma tana zaune a kowace nahiya da dubban tsibirai. Naman kaza yana tsirowa a kan mataccen itace ba tare da rana ba, kuma duniya za ta cika da matattun itatuwa. Gara ma itace take ci, ita kuma ana cin ta. Tarwaɗa tana rayuwa a cikin taɓo. Ciyawar teku tana jure ƙarancin haske. Teku yana riƙe ɗumi ya daɗe, don haka mazauna tsibirai da wasu gaɓoɓi za su fi samun sauƙin sanyi a kan mu da ke tsakiyar nahiya. Ƙasashen da ke samun lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa, kamar Iceland, ko daga nukiliya, suna iya noma kaɗan a cikin gini da hasken fitila. Wannan duka ba zai ciyar da biliyan 8 ba, amma zai iya riƙe miliyoyi, kuma miliyoyi sun isa a sake tsayar da zuriya. Kakannin ɗan Adam sun wuce aman wutar Toba a Sumatra shekara kimanin 74,000 da suka wuce, da kayan aikin dutse kawai a hannunsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iri. Duk manomi ya san daren da ya fi kowane wuya a shekarar yunwa: yara suna kuka, ga damin geron da aka ware na shuka a rataye a rufin ɗaki. Wanda ya sauke shi ya ci ya ƙoshi kwana uku, amma ya cinye baɗi. Yanzu ka ɗauka sai an riƙe wannan damin shekara uku ko biyar ana kallonsa, kuma ƙarfin tsirowarsa yana raguwa kowace shekara. Dattawa suna ba da labarin rumbun da ake liƙe bakinsa da laka, ba a buɗewa sai bayan shekara biyu ko uku, gero a zangarniyarsa don kada ƙwari su ci. Yau yawancinmu tun da kaka muke sayarwa saboda bashi da buƙata. Wannan tsohuwar ɗabi'ar ta ajiya, a ganina, ta fi kowane ramin ɓuya na attajirai amfani. A matakin duniya akwai masu yin irin wannan aikin. A tsibirin Svalbard na Norway an buɗe rumbun iri a cikin dutse mai ƙanƙara a 2008, yana ɗauke da samfuri sama da miliyan ɗaya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda ta fi kowa tarin nau'o'in wake a duniya, ta kai nata can, cibiyar ICRISAT kuma tana da ma'ajiyar irin gero a Sadore kusa da Yamai. An ma taɓa gwada amfanin rumbun: a 2015, da yaƙin Siriya ya raba masu bincike da ma'ajiyarsu ta Halab, daga Svalbard aka ɗebo irin aka sake shukawa a Labanan da Maroko. Sai dai 'yan ƙwayoyi ne a cikin kowace jaka. Kafin a riɓanya su su isa gonakin ƙasa guda, sai an yi damina da yawa.

Ranar da haske ya dawo ma ba a huta ba. Rufin iskar ozon da ke tace hasken rana mai cutarwa zai lalace na wasu shekaru, rana za ta riƙa ƙona fata da ido da ganye. Ruwan sama mai tsami zai taɓa ƙasa da tafkuna. Ƙudan zuma za su yi ƙaranci, itatuwa masu 'ya'ya su sha wuya, ko da yake gero da dawa da masara iska ce ke yi musu barbara. Waɗanda suka rage za su tarar da ƙarfe ko'ina, a motoci da gadoji da gine-gine, don haka maƙeri ba zai rasa abin aiki ba. Abin da ke saurin ɓacewa shi ne sani. Ilimin da ke cikin waya da intanet zai tafi tare da lantarki. Wanda ke kan takarda da wanda ke cikin kan mutane shi zai saura: ungozoma, mai haƙar rijiya, ma'aikaciyar jinya da ta san a tafasa ruwa, malamin da zai ci gaba da koya wa yara karatu ko da cikinsa babu komai. Al'ummar da ta riƙe irin waɗannan mutanen, ta kuma iya raba ɗan abin da ke akwai ba tare da ta kashe juna ba, za ta iya farfaɗowa cikin 'yan ƙarnoni. Wadda ta rasa su za ta koma farawa daga tushe.

Dutse mai kilomita ɗaya zuwa biyu ya fi wancan yiwuwa, don irinsa kan zo kamar sau ɗaya a shekara dubu ɗari biyar, shi kuwa mai kilomita 10 sai a kusan shekara miliyan 100. Shi ƙaramin zai hana damina ɗaya ko biyu ne kawai. Abincin duniya zai iya kaiwa idan aka daina ba dabbobi da injuna hatsi aka raba shi da adalci, don haka yawan waɗanda za su mutu ya rataya ne a kan shawarar shugabanni. Mu da ke sayen shinkafa da alkama da taki daga waje muna cikin waɗanda za a fara mantawa da su.

Kada wannan ya hana ka barci. A cikin manyan bala'o'in da ke iya shafar duniya, wannan ne ake iya hangowa tun da sauran shekaru, a kuma kauce masa. Tun 1998 hukumar NASA ta Amurka take ƙidayar duwatsun da ke kusantar duniya. An gano fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu kilomita ɗaya zuwa sama, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke kan hanyar buga mu a cikin shekara ɗari mai zuwa. Giɓin yana wajen matsakaita, masu mita 140 zuwa sama, waɗanda ba a kai ga gano rabinsu ba, da kuma taurari masu wutsiya da kan fito daga nesa ba tare da dogon gargaɗi ba. Karo na farko da aka hango dutse kafin ya faɗo, a Afirka ya sauka: ranar 7 ga Oktoba 2008, a hamadar Nubiya ta arewacin Sudan, ƙasa da kwana ɗaya bayan an gan shi, kuma ɗaliban Jami'ar Khartum ne suka jera sahu a cikin rairayi suka tsinto ɓaraguzansa. Ranar 26 ga Satumba 2022 kuma aka buga wa wani dutse mai suna Dimorphos kumbon DART da gangan, aka rage lokacin da yake ɗauka wajen zagaya wani dutse da ya fi shi girma da kimanin minti 32. Idan aka samu gargaɗin shekara goma ko ashirin, ɗan turi kaɗan ya isa dutse ya wuce ta gefe.

Za ka ma iya ganin ɗaya da idonka. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029, dutsen Apophis mai faɗin kimanin mita 340 zai wuce a tazarar kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan Adam masu kawo mana talabijin suke. An auna hanyarsa sosai, ba zai taɓa mu ba. Afirka na cikin wuraren da za a fi ganinsa, kuma zai fi kusantowa wajen ƙarfe 11 saura kwata na dare agogon Najeriya da Nijar. Ka fita bayan gari inda babu hasken lantarki, ka nemi wani ɗan tauraro da ke tafiya a hankali a tsakanin 'yan'uwansa da ke tsaye. Ni ma in Allah Ya kai mu, a can za a same ni da ɗalibaina.